Ziyararmu Ƙasar Ailan, Inda Aka Bi Tsofaffi Gida Gida Ana Rubuta Tatsuniya

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma gani ya kori ji. A wannan wata za mu ɗauke ku zuwa wani tsibiri da ke yamma da Ingila, watau ƙasar Ailan, inda Allah ya nufe mu da ziyara cikin watan Yuni. Mu uku muka yi tafiyar, har da wani dattijonmu, tsohon malamin makaranta, wanda shi ne ja-gabanmu. Abin da ya kai mu kuwa tatsuniya ce. Mun daɗe muna jin cewa mutanen wannan ƙasa sun bi ƙauyukansu gida gida sun rubuta abin da ke bakin tsofaffinsu, har suka tara ɗaya daga cikin manyan taskokin adabin baka na Turai. Muka ce bari mu je mu ga yadda suka yi, da abin da suka samu, da kuma abin da ya kuɓuce musu.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san abin da ya tsorata su har suka tashi tsaye. Mutanen Ailan suna da harshensu na gado wanda ba shi da kama da Ingilishi ko kaɗan. Shekaru aru-aru suna ƙarƙashin mulkin Ingila, harshen yana ja da baya. Sa'an nan daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta faɗa wa dankalin turawa, wanda shi ne tuwon talakansu, aka yi yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan 1, wasu wajen miliyan 1 kuma suka bar ƙasar. Waɗanda abin ya fi shafa su ne talakawan ƙauye masu magana da harshen gado. A ƙidayar 1911 masu jin harshen ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. To, manyan tatsuniyoyinsu da waƙoƙinsu a cikin wannan harshe suke, a bakin tsofaffin masunta da manoma na gaɓar yamma. Duk tsohon da ya kwanta dama, ya tafi da nasa.

Mun fara yada zango a Dublin, babban birnin ƙasar. A kudancin birnin, a wata unguwa da ake kira Belfield, akwai jami'ar UCD, kuma a nan ne taskar take. Wata ma'aikaciya ta karɓe mu da fara'a, ta nuna mana kantoci cike da manyan littattafai masu kauri, an ɗinke su an yi musu bango, kowanne da lambarsa a gadon baya. Babban kundin ya kai littafi 2,400, shafi wajen 700,000, galibi rubutun hannu ne, kuma galibi da harshen Ailan. Hukumar da ta tara su gwamnati ce ta kafa ta a 1935, ta yi aiki har 1970, daga nan aka miƙa wa jami'a kayan. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan taska cikin jerin takardun tarihi da duniya ke tunƙaho da su.

Uban wannan aiki shi ne wani malamin jami'a mai suna James Delargy, wanda da harshensu ake kira Séamus Ó Duilearga. A 1923, yana saurayi, ya je wani ɗan ƙauye mai suna Cill Rialaig a lardin Kerry don ya ƙara gogewa a harshen. A can ya gamu da wani tsoho manomi kuma masunci, Seán Ó Conaill, wanda bai iya karatu ko rubutu ba, ba ya kuma magana da Ingilishi, amma kansa cike yake da labaru. Delargy ya riƙa komawa wurinsa har tsohon ya rasu a 1931, yana zama kusa da murhu da alƙalami, tsoho na faɗa a hankali shi kuwa yana rubutawa. Ya ba da labari cewa sa'ad da masu saurare suka yi ƙaranci, tsohon nan yakan faɗa wa kansa tatsuniyoyin da ƙarfi yana kiwon shanu a kan tudu, har da nuni da hannu, don kada su ɓace masa. An buga littafin labarun nasa a 1948, da sunansa a kai.

Wannan magana ta suna ba ƙaramar aba ba ce. Waɗanda suka fara buga tatsuniyoyin Ailan, irin su Crofton Croker a 1825, sun juya su zuwa Ingilishi sun yi musu kwalliya don su ba masu karatu na birni dariya. Sai a 1890 Douglas Hyde, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938, ya buga nasa da harshen asali a shafi ɗaya, fassara a shafin da ke fuskantarsa, ya kuma faɗi waɗanda ya ji daga bakinsu. Wannan turba Delargy ya bi, ya kuma je ƙasar Suwidin ya ga yadda masanansu ke tsara irin wannan aiki.

Da hukumar ta kafu sai ta ɗauki ma'aikata na dindindin, kuma ta yi dabarar ɗaukar 'yan ƙasa waɗanda suka tashi da karin harshen yankin da za su yi aiki. Seán Ó hEochaidh, alal misali, masunci ne a Donegal kafin a ɗauke shi. Ana ba kowanne littattafan rubutu, da taswira, da wani akwatin ɗaukar magana mai suna Ediphone. An nuna mana irinsa. Akwati ne mai nauyi wanda asali don ofis aka ƙera shi, ana wana shi kamar garmaho. Mai magana zai kafa baki a wani bututu, allura kuma tana zana muryarsa a jikin wani abu mai siffar gwangwani da aka yi da kaki. Haka ma'aikacin zai ɗaure akwatin nan a bayan keke, da kwalin gwangwanaye, ya bi hanyar duwatsu cikin ruwa da iska ya je gidan tsoho.

Kowane gwangwani mintoci kaɗan yake ɗauka. In ya cika dole mai labari ya tsaya, ko da kuwa jarumi ya zare takobi ke nan, a sauya wani sa'an nan ya ci gaba. A 1938 Liam Mac Coisdeala ya ɗauki wata hikaya guda daga bakin wani tela mai ƙafa ɗaya, Éamon a Búrc, a yankin Conamara. Dare uku suka yi ana ɗauka, da aka rubuta ta kuwa ta kai kalma wajen 30,000. Bayan an ɗauka sai babban aiki ya taso: ma'aikaci ya koma masaukinsa ya kunna akwati, ya ji jimla, ya tsayar, ya rubuta, ya sake kunnawa, kalma bayan kalma, yadda tsoho ya furta ta ba yadda littafin nahawu ya ce ba. Aikin dare ɗaya kan ci kwanaki ana rubutu.

A nan ne muka ji abin da ya sanyaya mana jiki. Kuɗin da hukumar ke samu kaɗan ne, gwangwanayen kuwa da tsada. Saboda haka in an gama rubutu sai a mayar da su Dublin, a kankare kakin, a sake aika su don a ɗauki wani. Watau murya ta tafi, takarda ta zauna. Kaɗan ne daga cikin gwangwanayen suka tsira. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka samu na'urar yanka faifai, daga baya kuma rikoda mai zare, lokacin da yawancin manyan masu labarin sun riga sun kau. Malam ya daɗe yana kallon akwatin, sa'an nan ya ce, "Ashe allo suka mai da shi. A rubuta, a wanke, a sake rubutawa. To, amma shi almajiri sai ya haddace yake wankewa."

Duk da haka akwai abin da suka yi wanda ya ƙayatar da mu ƙwarai. Da aka buɗe mana ɗaya daga cikin littattafan, sai muka ga a farkon kowane kashi an manna wata 'yar takarda bugaggiya wadda ma'aikaci ya cike: sunan wanda ya ba da labarin, da shekarunsa, da sana'arsa, da inda yake zaune, da inda aka haife shi, da ranar da aka ɗauka, sa'an nan daga wa ya ji labarin, shekara nawa da suka wuce, kuma shi wancan ɗin mutumin ina ne. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya san wannan abu, isnadi ke nan, wane daga wane. Tsohon da aka ɗauka a 1936 yana da shekara 80, in ya ce daga kakansa ya ji yana yaro, to an ratsa zamanin yunwa an wuce baya da takarda ɗaya. Bugu da ƙari an wajabta wa kowane ma'aikaci rubuta abin da ya faru kullum a wani littafi dabam: gidan da ya je, wa ya tarar, yadda aka karɓe shi, ko tsohon yana mura ran nan. Masu nazari a yau sukan ajiye littafin labari a dama, wannan kuma a hagu, don su gane yadda maganar ta fito.

Magajin taskar na farko, Seán Ó Súilleabháin, wanda ya koyo tsarin a Uppsala ta Suwidin, ya buga littafin jagora a 1942 mai ɗauke da dubban tambayoyin da ma'aikaci zai yi, tun daga ginin ɗaki har camfin haihuwa da mutuwa. A 1963 shi da wani masani ɗan Norwe, Reidar Christiansen, suka buga jerin tatsuniyoyin ƙasar inda suka lissafa ruwaya wajen 43,000. Da haka mutum zai iya ɗaukar tatsuniya guda ya ga yadda aka faɗe ta a Kerry, da yadda ta sauya a Donegal, da 'yar'uwarta a Jamus.

Daɗin daɗawa sun sa yara aiki. Daga 1937 zuwa 1939 'yan firamare fiye da 50,000 a makarantu 5,000 sun koma gida sun tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, suka rubuto tatsuniya, da karin magana, da kacici-kacici, da maganin gargajiya, da sunayen gonaki da rijiyoyi. Shafukan sun kai wajen 740,000. An ɗauki hotonsu an sa a intanet a dandalin Dúchas, inda Ba'ailande zai nemi sunan ƙauyensu ya ga rubutun kakarsa tun tana 'yar shekara goma sha biyu.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu, kuma su kansu masanan ƙasar ba su ɓoye wannan ba. Ma'aikatan dindindin da aka tura ƙauye duk maza ne, saboda haka abin da mata ke faɗa a tsakaninsu bai shiga akwati sosai ba. Sun fi neman tsoho, ɗan ƙauye, mai harshen gado, suka daɗe ba su waiwayi talakan birni ba. Rubutun yara kuma ya bi ta hannun malaminsu, wanda ke zaɓen abin da za a kwafe cikin babban littafi. Haka nan takarda ba ta ɗaukar dariyar masu saurare, ko inda tsoho ya rage murya, ko inda ya buga gwiwa. Wanda zai karanta waɗannan littattafai dole ya riƙa tuna cewa hannu biyu ne a kan kowane shafi, na mai faɗa da na mai rubutu.

Bayan kwana biyu muka ce karatu ya isa, sai mu je mu ga inda maganar ta fito. Muka shiga jirgin ƙasa daga Dublin muka yi kudu maso yamma, tafiyar wajen awa huɗu, zuwa garin Tralee a lardin Kerry. Daga nan mota ta kai mu Dingle, garin masunta, sa'an nan muka ƙarasa wani ƙauye mai suna Dunquin, wanda ke daf da ƙarshen ƙasa. Ko'ina kore shar, an yanka gonaki ƙanana da shingen duwatsu, tumaki fenti a gadon bayansu don kowa ya gane nasa. A wannan yanki har yanzu ana magana da harshen gado, allunan hanya ma da shi aka rubuta. Wani abin mamaki, rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe goma, muka yi ta jiran magariba har barci ya fara ɗibarmu. Mai masaukinmu ya ce a lokacin sanyi akasin haka ne, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe. Nan muka gane asalin abin. A dogon daren nan ne, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Maris, maƙwabta kan taru a gida ɗaya, a hura wuta da wata baƙar ƙasa da suke haƙowa a fadama su busar, a saurari mai labari. Su ma a da suna ƙyamar faɗin hikayar jarumai da rana, kamar yadda aka hana mu tatsuniya da rana muna yara. Inda muka bambanta, a wurinsu dogayen hikayoyin nan aikin maza ne, alhali mu a ɗakin tsohuwa muke samun tamu.

Sai dai mace ce ta fi kowa suna a cikinsu. Peig Sayers an haife ta a nan Dunquin a 1873, wurin mahaifinta ta ɗauki labaru. A 1892 aka aurar da ita a tsibirin Blasket, wanda muke hange daga ƙofar masaukinmu, ta yi shekara 50 a can. Wasu 'ya'yanta suka mutu, ɗaya ma daga kan dutse ya faɗo, wasu suka tafi Amurka. Ba ta iya rubuta harshenta ba, sai ta faɗa wa ɗanta tarihin rayuwarta ya rubuta, wata malama daga Dublin ta gyara, aka buga a 1936. Littafin ya zama na jarrabawa shekara da shekaru, har yaran ƙasar suka tashi suna ganin Peig tsohuwa ce mai yawan kuka da duniya. Amma bayan ta dawo Dunquin a 1942, ma'aikacin hukuma Seosamh Ó Dálaigh, ɗan ƙauyen, ya ɗauki labaru fiye da 300 daga bakinta. Akwai kuma faifan da BBC ta ɗauka a 1947, wanda aka fitar tare da littafi a 2009, da wanda hukumar ta ɗauka a 1952. Masu jin harshen sun ce wadda ke cikin waɗannan mace ce mai barkwanci da kaifin baki, ba irin wadda suka sani a aji ba. Mace ɗaya, amma kowane hannu da irin Peig ɗin da ya fitar. Ta rasu a 1958, mun kuma ga kabarinta a maƙabartar ƙauyen, a kan tudu mai kallon teku.

Ranar farko teku ta hana mu ƙetarawa. Washegari ta lafa, muka gangara wata hanya mai tsananin gangare da lanƙwasa zuwa bakin ruwa, muka shiga ƙaramin jirgi, daf da tsibirin kuma aka sauya mu zuwa kwalekwalen roba. Tsibirin ba shi da bishiya. Akwai kangayen gidajen dutse a jere a jikin tudu, wasu kaɗan an gyara su, sai farin rairayi a ƙasa. A wajen 1916 mutanensa sun kai 170 da ɗoriya. Babu likita, makaranta ta rufe a 1941, samari sun yi ta tafiya Amurka. A farkon 1947 ciwon sanƙarau ya kama wani saurayi, teku ta hana a kawo taimako har ya cika. A watan Nuwamba na 1953 gwamnati ta kwashe mutum 22 da suka rage. Wannan ɗan tsibiri ya ba duniya littattafai, ciki har da na Tomás Ó Criomhthain a 1929 da na Muiris Ó Súilleabháin a 1933, amma daren hira ya ƙare a cikinsa.

Muka yi sallar azahar a kan ciyawa, muka zauna jikin wani kango. Sai Malam ya tuna mana cewa mu ma muna da igiya a wannan tsibiri na Ailan. Littafin tatsuniyoyin Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, daga 1911 zuwa 1913, a birnin Belfast da ke arewacin Ailan aka buga shi, kuma malaman Hausa ne suka rubuto abin da ke ciki da ajami. A 1913 kuma aka buga na Rattray, wanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a nan ƙasarmu tun ana kiranta Gold Coast. Allah ya saka wa malaman nan da alheri. Sai dai galibin bakunan da aka ɗebo maganar, ba a manna musu 'yar takardar nan ba.

Ɗan'uwanmu ya ce, "To Malam, ga tsibiri ga ruwa, a ba mu ta Gizo mana." Ya ciro wayarsa zai ɗauka. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, yaro. Fara da isnadi." Ya faɗi sunansa da shekarunsa da sana'arsa, ya faɗi sunan kakarsa, da garin da ta baro, da zangon da ta zauna, ya ce shekara sittin da wani abu ke nan da ya ji a ɗakinta. Sa'an nan ya ce ga ta nan ga ta nanku, muka ce ta zo mu ji ta. Ya kawo yadda hankaki suka ara wa Gizo fukafukai suka kai shi ɓauren da ke tsakiyar kogi, da yadda haɗamarsa ta sa kowa ya karɓe gashinsa suka bar shi a kan itace, da yadda ya faɗa ruwa ya tsinci kansa a gidan kada. Daga nan sai ya yi shiru. Ya sake komawa baya ya taho, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya ce akwai waƙa a nan, tsohuwar takan tafa hannu in ta zo wurin, amma ta tafi. Har mai jirgi ya kira mu bai tuno ba, muka bar tsibirin ba a yi ƙurunƙus ba.

Saboda haka muna roƙon masu karatu abu biyu. Duk wanda ya san yadda Gizo ya fito daga gidan kada, musamman waƙar, ya aiko mana ta hannun edita, ya kuma rubuta daga wa ya ji, a wane gari, a wace shekara. Na biyu, wanda Allah ya bar masa tsohuwa ko tsoho a gida, wayar da ke aljihunsa ta fi akwatin kakin nan sau dubu, kuma ba ta bukatar a kankare kome. A nemi izininsu, a fara da sunansu, a bar su su faɗa da bakinsu, kada a gyara musu Hausa. Allah ya ba mu iko, ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.